Kwangilar abincin azumi a Samaru: yadda ta kaya da Ustaz

Abokin aikina ɗan Sudan ne, malamin lissafi, Ustaz muke ce masa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, iyalinsa suka koma Alƙahira, shi kuma ya ci gaba da zaman gwauranci a ciki da falo nan Samarun Zariya. Burodi, shayi da kifin gwangwani, da su ya saba kai azuminsa. Da na ga rama ta fara yi masa yawa, ana saura kwana uku a ga wata na ja shi wurin wata Hajiya da ke bayan kasuwar Samaru, mai ɗaukar kwangilar abincin gwauraye da ɗalibai. Na sha ruwa a wurinsa ya fi sau goma, don haka abin da zan faɗa da bakina na ɗanɗana.

Tsarinta ba wuya. Ka biya rabi a farko, rabi ranar sha biyar ga wata, ka kawo kulolinka biyu da filas. Ɗan acaɓa ya kawo na buɗa-baki bayan la'asar sakaliya, ya dawo da na sahur wajen ƙarfe huɗu na dare.

Abin da ya burge ni tun ranar farko, Hajiya ba ta ce ga abin da take dafawa, in ka ga dama ka ci ba. Ni ta sa na yi tafinta, don Hausar Ustaz ba ta wuce gaisuwa da cinikin tumatir ba. "Malam, tambaye shi me suke ci a garinsu." Ya ce asida, ya kwatanta da hannu: garin dawa ake tuƙawa, miyarta kuwa garin busasshiyar kuɓewa da suke kira weka, da busasshen nama. Hajiya ta kwashe da dariya. "Yo ai tuwon dawa ne da miyar kuɓewa! Ka ce masa ya zo gida." Zoɓo shi ne karkade a wurinsu, tsamiya kuma aradeb. Daddawa kaɗai suka raba hanya a kanta, ko ƙanshinta ba ya so, sai ta riƙa ɗebar masa miya a 'yar tukunya daban kafin ta zuba. Attaruhu ma ta rage. Wata guda cur ba ta manta ko sau ɗaya ba, kuma wanda ya san hayaniyar madafa da yammacin azumi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tuwon yana da laushi, babu gudaji. Kunun tsamiyarta ya fi na gyaɗa, wanda wani lokaci yakan zo tsararo. Ƙosai kuwa a leda ake ƙulle shi da zafinsa, kafin a kira sallah ya yi gumi ya saki jiki. Na ce a naɗe a takarda, aka yi kwana biyu aka koma gidan jiya. Zoɓon yana jin citta da kanumfari, sai dai sanyinsa ya danganta da ko an samu wuta a unguwar. Ya roƙi hilu-mur, abin shan azuminsu da ake yi da tsiron dawa da kayan ƙamshi, Hajiya ta saurari bayanin har ƙarshe ta ce, "Wannan kam sai uwargida ta zo."

Wajen ƙarfe biyar iyalinsa kan kira shi ta WhatsApp, su sun riga sun sha ruwa, don magaribar Alƙahira ta riga ta Zariya da fiye da awa ɗaya da rabi. Sai ya buɗe kula ya haska wa matarsa tuwon, ita kuma ta yi ta tambayar wa ya tuƙa. Daga nan ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, wai a Sudan ba a shan ruwa cikin ɗaki, maza kan fito layi da farantansu su tare duk mai wucewa. Abincin mutum ɗaya ya biya, amma har maigadi da wani mai faci suna samu, don hannun Hajiya ba ya ƙanƙancewa.

Inda ta gaza shi ne sahur. A goman ƙarshe sau uku yaron yana makara, barci ya kwashe shi bayan tahajjud. Ran nan sai da aka yi kiran assalatu ya ƙwanƙwasa ƙofa, Ustaz ya tafi aji da dabino uku da ruwa a cikinsa, ga darasin awa biyu a tsaye cikin wannan zafi. Hajiya ta ba da haƙuri, ta cire kuɗin kwanakin ba tare da an yi ja-in-ja ba. Duk da haka, wanda zai ba ta kwangila ya ce a haɗo masa na sahur tare da na buɗa-baki, ya ɗumama da kansa. Haka muka koma yi.

Ustaz dai har ya biya na Sitta Shawwal, ya kuma roƙi a ƙara masa kuɓewa busasshiya mudu ɗaya da zai tafi da ita Alƙahira idan an yi hutu.