Inda Ɗalibi Zai Zauna Ya Yi Karatu a Dang: Amfi, Laburare, Minisite ko Ƙaramin Aji?

Sefa 50,000 da ɗalibi ke biya na rajista a Jami'ar Ngaoundéré ta Kamaru suna ba shi kati da damar shiga darasi, amma ba sa saya masa wurin da zai zauna awa uku babu mai damunsa. Harabar tana Dang, kimanin kilomita 15 daga cikin gari a kan hanyar Garoua. Wanda ke kwana a unguwannin cikin gari irin su Sabongari ko Baladji ba zai riƙa komawa gida tsakanin darasi da darasi ba, kuɗin mota kaɗai ya ishe shi. Dole a nemi wuri a nan.

A ganina babu abin da ya kai ƙananan azuzuwan da ake yin TD (darasin aikin gwaji na ƙananan rukunai) a cikinsu, kuma da asuba. Ka idar da salla, ka ɗauki jakarka, ƙarfe biyar da rabi kana zaune. Daga nan zuwa shigowar masu darasin farko kana da kusan awa biyu, babu ƙarar babur, babu mai buga waya a bayanka. Ga allo kuma. Mai karanta lissafi, kimiyyar sinadarai ko tattalin arziki ya san cewa aikin da aka warware a tsaye da alli ya fi zama a kai fiye da wanda aka bi da ido a takarda. Ku zama mutum uku ko huɗu: ɗaya a allo, sauran suna kama kuskurensa. Da kun kai shida, hira ce za ta ci lokacin.

Sai dai ba kowane aji ba ne. Ka duba jadawalin da aka liƙa, ka kuma tambayi delege (wakilin ɗalibai) na ajin da ke amfani da ɗakin, domin malami na iya sa darasin ramuwa a sanar ta WhatsApp da daddare, ka zo a tashe ka. Shi ya sa ake riƙe ɗaki biyu, in wannan ya ƙi a koma wancan. Ka gwada soket da cajarka tun da rana. Da yawa suna nan a bango amma babu wuta a ciki, wasu kuma sun saki, sai an danne. Ka duba gilasan taga. Ngaoundéré tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, kuma sanyin Disamba da Janairu a ɗaki mai fasasshiyar taga ba ya barin yatsa ya riƙe biro. Rigar sanyi da filas ɗin shayi ba ado ba ne. Ka zauna nesa da ƙofa, bayanka a bango. Mai gadi kuwa ka gaishe shi kullum, "Baba, ina kwana", ka nuna katinka tun bai tambaya ba. Shi ne zai gaya maka wane ɗaki ake barin sa a buɗe. 'Yan'uwa mata su fito su biyu ko uku, kuma su bari gari ya ɗan yi haske.

Amfi fa, wato babban zauren lacca? Na darasi ne. Mutum ɗaya ya yi tari a can sama duk ɗakin ya amsa, da yamma kuma ga masu gwajin waƙa da taron ƙungiyoyi. Laburare na da amfani ga mai rubuta kundin Masta da ke neman ayyukan waɗanda suka gabace shi, amma tana bin lokacin ma'aikata, kuma makon jarrabawa kujera sai mai rabo. Gindin bishiya a bar wa 'yan Maroua da inuwar dogon yaronsu, su ma daga Maris zuwa Mayu, in zafi ya haura digiri 40, sai da sassafe. A Dang ruwa ne zai kore ka tun daga Afirilu har Oktoba. Masallaci ya yi wa mai hadda tsakanin Magariba da Isha'i, amma ba wurin muhawarar rukuni ba ne.

Saura ɗakinka na minisite, wato gidan hayar ɗalibai mai ɗakuna da yawa, kuma nan ne kuɗi ke ƙonewa. Kada ka kama ɗaki da ganin rana. Ka koma ƙarfe tara na dare ka tsaya a ƙofar minti goma kana sauraro. Akwai mashaya kusa? Ana jin manyan motocin da ke bin babbar hanya zuwa Garoua, Maroua da Kousseri? Ka tambayi mazauna, ba mai gida ba, ɗaki nawa ne ke kan mita ɗaya. In ɗaki goma sha biyar suna rataye a mita guda, da mutum biyu sun jona dutsen guga da abin dafa ruwa wuta ta yanke, kai kuma kana tsakiyar babi. Ka auna ko tebur zai shiga bayan katifa, domin karatu a kan katifa barci ne. Ka ja ƙofar da ƙarfi ka ga ko sakatar ƙusa ce ke riƙe da ita.

Farkon shekarar karatu kasuwar 'yan damfara ce. Za a turo maka hoton ɗaki mai tayil, a ce saura ɗaya, wani ɗan Chadi na hanya da kuɗinsa, ka tura rabi ta waya da Orange Money ko MoMo na MTN a riƙe maka. Hoton na wani gida ne, ko kuma ɗakin an riga an karɓi kuɗinsa daga mutum uku. Dillali aikinsa ya nuna maka ƙofa. Kuɗin haya hannun mai gida ko wakilin da mazauna suka shaida yake shiga, da rasit mai lambar ɗaki, watan farawa da watan ƙarewa, da sa hannu. Kuɗin ajiya a rubuta shi daban, tare da sharaɗin mayarwa. Ka ɗauki hoton bango, ƙofa da lambar mita ranar da ka shiga.

Tun da ɗauke wuta ba ya sallama, kowa na sayen fitila da fawa-bank, kuma jabu ya fi na gaske yawa. Fawa-bank na 20,000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa) na ƙwarai yana da nauyi, wajen giram 350 zuwa 450, kuma abin da yake bayarwa a zahiri bai wuce 12,000 zuwa 13,000 ba saboda asarar da ake yi wajen ɗaga ƙarfin wutar, wato cajin waya mai batir 5,000 sau biyu da ɗoriya. In ka ga ɗan ƙarami mara nauyi an rubuta 50,000, ajiye shi. Nauyin ma ba hujja ba ne shi kaɗai, don akwai waɗanda ake cusa wa yashi a ciki. Ka yi sharaɗi da mai shago cewa za ka gwada kwana biyu. Batiran nan dogaye masu lamba 18650 da ke cikin fitilu, na gaske ba ya wuce kusan 3,500 mAh, duk mai rubutun 9,900 ƙarya ce. Fitilar sola ka cika ta, ka kunna a haske mafi ƙarfi: in ta dushe kafin awa huɗu ba za ta kai ka dare ba.

A duk inda ka zauna, kada ka ce wa baƙon fuska "ɗan duba mini kayana". Kwamfuta a jaka, jaka a kafaɗa, ko alwala za ka. Haka nan mai zuwa ya zauna kusa da kai makon jarrabawa yana raɗa cewa yana da "ruwa", wai tambayoyin da suka fita, sefa kaza ta waya. Galibi tambayoyin shekarun baya ne aka sauya musu kwanan wata, waɗanda delege zai ba ka ka yi fotokofi da kuɗin takarda kawai. In kuma na gaske ne aka kama ka da su, kwamitin ladabtarwa za ka gurfana, kuma hukuncin na iya kaiwa ga kora.