Kallon okestira a Landan: wane zaure, wace kujera, wane dare?

Wanda ya shigo Landan karatu, ko duba lafiya, ko hutun yara, ya ce bari ya ga kiɗan okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa masu goge da busa da ganguna, da idonsa ko da sau ɗaya ne, yawan zaɓi ne zai fara rikita shi. Manyan ƙungiyoyin makaɗa biyar ne a garin: London Symphony Orchestra wadda aka kafa a 1904, ta gidan BBC a 1930, London Philharmonic a 1932, Philharmonia a 1945, sai Royal Philharmonic a 1946. Baƙo yakan bi sunan da ya fi ji, ya zuba kuɗi a tikiti mafi tsada, ya zauna can gaba kusa da dandamali, ya fito yana mamakin abin da ake ta yabo. A ganina ba sunan ƙungiya ya kamata ya dame shi ba. Duk biyar ɗin gwanaye ne, kuma kunnen sabon shiga ba zai raba su ba. Abin da ke gyara dare ko ya ɓata shi shi ne zauren da ka shiga, kujerar da ka zauna, da kiɗan da aka tsara bugawa ran nan.

Mu fara da zaure, don kowace ƙungiya da gidanta. London Symphony tana Barbican tun da aka buɗe wurin a 1982, kuma ta BBC ma tana yawan wasa a can. Zauren na ɗaukar mutum kusan 1,900, yana da faɗi, kujerunsa na da daɗin zama da wurin miƙe ƙafa. Sautinsa kuwa kai tsaye yake zuwa, ba ya daɗewa a iska, in makaɗa ɗari suka taso gaba ɗaya sai ka ji kamar zauren ya yi musu kaɗan. Simon Rattle, wanda ya jagoranci London Symphony daga 2017 zuwa 2023, ya sha neman a gina sabon zaure, aka soke shirin a 2021. Yanzu Antonio Pappano ne madugunsu, wato mai tsayawa a gabansu da sanda yana jagorantar kiɗa. Wata matsalar Barbican ita ce gano ƙofa. Ginin kankare ne mai lunguna da gadoji a tsakiyar rukunin gidaje, har sai da aka shata layin fenti rawaya a ƙasa don baƙi su bi. Daga tashar Barbican ko Moorgate ka ba kanka ƙarin minti goma sha biyar na ɓata.

Royal Festival Hall yana bakin kogin Thames, tafiyar 'yan mintuna daga tashar Waterloo. An buɗe shi a 1951, aka yi masa babban gyara aka sake buɗewa a 2007, yana ɗaukar mutum wajen 2,700. Nan ne gidan London Philharmonic, wadda Edward Gardner ke jagoranta, da Philharmonia ta Santtu-Matias Rouvali. Zauren nan nake tura wanda bai taɓa zuwa ba. Ba a ɓata wajen nemansa, farfajiyarsa a buɗe take ga kowa da rana, kana iya zuwa da wuri ka sha shayi kana kallon kogi. Babban dalilin kuwa wasu kujeru ne da babu irinsu a Barbican.

Su ne kujerun bayan makaɗa, waɗanda za ka ga an rubuta Choir a kansu a taswirar zauren. Don mawaƙa aka yi su, amma daren da babu waƙa sai a sayar wa 'yan kallo, kuma suna cikin mafi araha. Mai zama can yana fuskantar madugu ido da ido. Wanda ya biya ninki uku ko huɗu a tsakiyar zaure bayan madugun kawai yake gani yana kaɗa sanda, ya kasa gane amfaninsa. Kai kuwa za ka ga yadda yake ɗaga gira mai sarewa ya shigo, yadda yake danne hannun hagu masu goge su sassauta, yadda yake jan numfashi tare da masu busa kafin su ɗauka. Za ka ga mai tambura yana kwantar da kunne a kan fata yana gyara ɗaurinta a tsakiyar kiɗa, da mai kuge da ya zauna minti ashirin yana ƙirga a zuci don bugu ɗaya tak. Gani ya kori ji. Amma arahar tana da dalili. Sautin a juye yake zuwa maka: masu kakaki da ganguna suna gab da kai, ƙahonin da bakinsu ke kallon baya kai suke busa wa, goge kuma ya yi nisa. In daren na mai fiyano ne, murfin fiyanon zai tura sauti gaba ya bar ka da saura. In mawaƙiya ce, bayanta za ka kalla har a tashi. Sannan duk zauren na kallonka, mai gyangyaɗi ba shi da mafaka.

In kunne ka zo ciyarwa ba ido ba, lissafin ya canza. Okestira ba ta amfani da lasifika. Mutum tamanin ko ɗari ne ke fitar da sauti daga katako da tagulla da fata, kuma sautin yana bukatar 'yar tazara kafin ya gauraya. Shi ya sa layuka uku ko huɗu na farko ba su cancanci kuɗinsu ba: gogen da ke gabanka za ka fi ji, takalman makaɗa za ka fi gani, masu busa da ke baya kuwa sun ɓace maka. Wuri mafi kyau shi ne tsakiyar ƙasa, abin da suke kira Stalls, daga layi na goma zuwa baya kaɗan, ko layin gaba na bene na farko. Nan ne farashi ke haura fam 60. Mai ƙaramin aljihu ya hau bene na sama ya nemi tsakiya. Makaɗa za su yi masa ƙanana a ido, amma sauti na hawa sama da kyau, kuma sau da yawa tikitin bai kai fam 25 ba. Abin gudu shi ne kujerun can baya a ƙasa, waɗanda bene ya yi wa rumfa. Ba su da arahar na sama, sautin kuma a toshe yake isowa. In akwai mai fiyano kana son ganin yatsunsa, ka zauna ta hagu.

Royal Albert Hall wani sha'ani ne daban. Tun 1871 yake, zagayayye ne, yana cin mutum sama da 5,000. Girman nan ya jawo masa amsa-kuwwa har sai da aka rataya faya-fayai a rufinsa a 1969 don su shanye ta. Kujerun can sama suna da nisa ƙwarai, in kiɗan na 'yan makaɗa kaɗan ne sai ya iso maka siriri. Abin da ke kai mutum can shi ne bikin Proms, wanda aka fara a 1895 da madugu Henry Wood, BBC ta karɓe shi a 1927, ya koma wannan zauren a 1941 bayan bam ya rushe Queen's Hall. Mako takwas ake yi, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Satumba, kusan kowane dare, ƙungiyoyin Landan da na wasu ƙasashe suna karɓa-karɓa. Kullum akwai tikitin tsayuwa wajen dubu ɗaya da ake sayarwa ta intanet a ranar wasan, fam 8 a 2024. Biyu ne wuraren. Filin tsakiya, Arena, yana gaban dandamali daidai, wato wuri mafi kyawun sauti a zauren shi ne mafi araha, sai dai awa biyu za ka yi a tsaye cikin cunkoso. Barandar ƙoli, Gallery, tana da sarari, mutane har zama suke yi a ƙasa su jingina da bango. Matashi mai lafiyar ƙafa ya shiga fili. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya sayi kujera a gefen fili, kada ya biye wa araha. Daren ƙarshe da ake nunawa a talabijin, mai tutoci da waƙoƙin kishin Birtaniya, tikitinsa wahalar samu gare shi, kuma biki ne na 'yan gida fiye da sauraron kiɗa.

Royal Philharmonic tana yawan wasa a Cadogan Hall kusa da Sloane Square, ƙaramin zaure mai ɗaukar mutum ƙasa da dubu. Babu kujera mai nisa a ciki, kuma sun fi kawo sanannun kaɗe-kaɗe.

Sai batun abin da za a buga, wanda mutane suka fi sakaci da shi. Daren da aka saba yakan ɗauki awa biyu da hutun minti ashirin a tsakiya: ɗan gajeren kiɗan buɗewa, sai wanda gwani ɗaya zai fito gaba da goge ko fiyano, a je hutu, a dawo a yi simfoni, wato dogon kiɗan da duk makaɗan ke bugawa tare. Tsawon simfonin nan ka duba kafin ka biya. Ta 5 ta Beethoven minti talatin da 'yan kai ce, ta 9 ta Dvořák wajen minti arba'in, kuma duka biyun suna da amon da zai bi ka har gida. Ta 3 ta Mahler ta haura awa ɗaya da rabi, galibi kuma ba hutu. Babban aiki ne, amma ba a fara koyon iyo a tsakiyar kogi. Wanda yake shakkar ko zai jure ya nemi shirin London Symphony mai suna Half Six Fix: ƙarfe shida da rabi ake farawa, awa ɗaya, madugu ya juyo ya yi bayanin kiɗan kafin a buga. Ban ga abin da ya fi shi dacewa da sabon shiga ba, illa dai ba kullum ake yinsa ba.

Ka kuma lura da sunan kiɗan. In ka ga Mass ko Requiem ko Passion, waƙoƙin ibadar coci ne da mawaƙa masu yawa. Wani su ya zo nema, wani kuma zai so ya sani tun kafin ya zauna. Mai son jin hannun 'yan Afirka a wannan fage ya bibiyi Chineke!, ƙungiyar da Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa a 2015, mafi yawan makaɗanta baƙar fata ne da sauran tsirarun ƙabilun Turai. Suna cikin ƙungiyoyin da ke zaune a Southbank Centre, inda Royal Festival Hall yake, kuma sukan buga ayyukan Samuel Coleridge-Taylor, haifaffen Landan a 1875 wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne ga mai kiyaye salla. Ana farawa ƙarfe bakwai ko bakwai da rabi. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ka yi Magariba da Isha'i a natse kafin ka fito. A tsakiyar Yuli Magariba sai bayan tara, wato dab da tashi. A farkon Satumba kuwa tana faɗowa ana tsakiyar kashi na farko, kuma ba a fita a dawo yadda aka ga dama. Akwai wasannin rana a wasu ranakun Lahadi da na lokacin cin abincin rana a LSO St Luke's, ƙaramin zauren London Symphony da ke Old Street, ga wanda dare bai yi masa ba.

Wajen saye, shafin zauren ko na ƙungiyar kanta za ka shiga. Masu sayar da tikitin hannu na biyu ninka farashi suke yi a kan wasan da galibi kujerunsa ba su ma ƙare ba. Ana ƙara ɗan kuɗin hidima a kan farashin da ka gani. In za ka daɗe a garin, sayen wasanni uku ko fiye a lokaci ɗaya yana kawo rangwame, amma kada ka ɗaure kanka da shi kafin ka je na farko. Ɗalibai da matasa suna da nasu rangwamen mai tsoka a Barbican da Southbank, rajista kawai ake yi. Mai iyali da yara ƙanana ya jira wasannin iyali da ake shiryawa da rana, ko wanda London Symphony ke yi kyauta a dandalin Trafalgar sau ɗaya a shekara lokacin bazara, inda kukan yaro ba zai jawo harara ba.

Babu dokar tufafi. Za ka ga mai kwat da mai wandon jins a layi ɗaya, kaftani ma ya zauna daram, sai dai doguwar hula ko ɗaurin ɗankwali mai tsayi zai tare wa na baya. Da ka ji mai busa wata siririyar algaita ya ja sauti ɗaya kowa ya daidaita kayansa a kai, an kusa farawa, waya ta mutu. Simfoni yawanci kashi huɗu ce, akwai ɗan shiru tsakanin kashi da kashi, kuma al'adar wurin ba a tafi a nan. Ka jira madugu ya sauke hannu ya juyo. Wanda ya makara ko da minti biyu ne, masu tsaron ƙofa za su tsayar da shi a waje sai an kai wata gaɓa, in kuma daren na dogon kiɗa ɗaya ne marar hutu, yana iya ƙarewa a gaban allon talabijin na farfajiya da tikitin fam 60 a aljihu.