Tsohon injin sifindul na Ingila ko sabon ƙarami? Amsa ga mai shagon ƙofofi a Rigasa

Wani ɗan'uwa a zauren nan, kafinta mai shago a Rigasa ta Kaduna, ya kawo tambaya. An yi masa tayin tsohon injin sifindul, wato injin da ke fitar da zane da tsagi a gefen katako da wuƙaƙen da ke juyawa a kan sanda tsaye, ƙirar Wadkin, a kasuwar Panteka, mai cin wuta layi uku, kaurin sandarsa inci ɗaya da kwata, kuma za a haɗa masa da akwatin tsofaffin wuƙaƙe. Ga kuma sabon ƙarami ɗan China mai layi ɗaya, kuɗinsu ba nisa. Aikinsa ƙofofi ne da firam da moldin, a yanzu da rauta, ƙaramin injin hannu na fitar da zane, yake lallaɓawa. Wanne zai ɗauka?

Malam, tsohon ya fi, amma da sharaɗi uku: sandar ta kasance ba ta lanƙwashe ba, kana da wutar da za ta tayar da shi, kuma ka ware kuɗin sabon kan wuƙa, wato ƙarfen da ke riƙe wuƙaƙe a kan sanda, tun kafin ka biya na injin. In ɗaya daga ciki ya faɗi, lissafin ya juya.

Abin da ake saye a tsohon inji nauyi ne. Kamfanin Wadkin ya fara aiki a garin Lesta na Ingila tun 1897, kuma injinansa, da na SCM na Italiya, ƙarfen zubi ne daga teburi har gidan boris, wato zobban da sandar ke juyawa a cikinsu. Ƙananansu ma nauyinsu ɗaruruwan kilo ne, manyan suna kusantar tan guda. Sabon ƙaramin kuwa teburinsa kaɗai ne zubi, jikin falankin ƙarfe ne da aka lanƙwasa, mutum uku za su ɗaga shi. Nauyin nan shi ke shanye girgiza. Inji mara nauyi in ya shiga katako mai tauri irin maɗobiya ko iroko sai ya bar ƙananan tabo a jere kamar matakala, ka ɓata yini kana bi da samfefa, kuma samfefa tana cinye kaifin zanen. Moton tsohon yawanci kilowat 3 zuwa 5.5 ne, na ƙaramin 1.5 zuwa 2.2. Tsagin firam ɗin ƙofa mai zurfin milimita 12 da faɗin 45, tsohon zai fitar da shi a turi ɗaya, ƙaramin sai biyu ko uku, rauta kuwa sai ta yi zafi ta fara ƙona bakin katako.

Inda sabon ya fi: sandarsa milimita 30 ce, wadda ita ce ma'aunin yawancin kawunan wuƙa na yau, kariyarsa tana nan cikakkiya, kuma ana soka shi a wutar shago ya tashi. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Kada ka biya ko sisi sai ka duba sanda. A kashe wuta, a cire bel, ka juya sandar da hannu. Ta tafi sumul ba kukan yashi, ba inda take ɗan tsayawa. Ka kama ta daga sama ka girgiza gefe da gefe, sannan sama da ƙasa. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris sun tafi. Wannan ba ya hana ciniki, boris abin canzawa ne, sai dai a rage maka kuɗi, kuma a karanta lambar da ke jikin tsofaffin a nemo daidai su, don boris ɗin sifindul ba irin na famfon ruwa ba ne. Wanda aka samu a kan tebur da arha ba zai jure juyi 6,000 a minti ba.

Lanƙwasa ita ce matsalar. Ka ari agogon awo mai maganaɗisu daga wurin masu injin tona, wato injin da ke juya ƙarfe yana sassaƙa shi, ka kafa shi a kan teburi, bakinsa ya taɓa sandar kusa da sama, ka juya a hankali. In allurar ba ta wuce milimita 0.05 ba, da sauƙi. In ta kai 0.1, wuƙa ɗaya ce za ta riƙa yanka ɗayar tana bin iska, kuma sababbin boris ɗin ma ba za su daɗe ba. Ido ba ya ganin wannan, shi ya sa dillalin zai rantse maka cewa sandar miƙe take, kuma ba ƙarya yake nufi ba. Abin sa'a, da yawa daga injinan Wadkin saman sandarsu cirewa ake yi, to a duba ko lanƙwasar a saman take ko a gindi. Ta sama tana da magani.

Bayan haka a mayar da bel a tayar da shi na minti 15 zuwa 20 ba wuƙa. Ka tsayar da kwabo a kan gefensa bisa teburi: in ya tsaya, injin lafiya. Ka taɓa gidan boris, ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba zai zauna ba laifi ne. Ka juya sitiyarin ɗaga sanda daga ƙasa har sama, ka kulle, ka ga ko tana zamewa. Ka goge teburin da kananzir ka nemi tsagewa, musamman kewayen ramin tsakiya da kusurwoyi, don ƙarfen zubi da ya tsage walda ba ta cika mayar da shi shafe ba. Mai sayarwar da ya ƙi a haɗa wuta a gwada, ka sayi injin a farashin ƙarfen kilo ko ka bar masa.

Sai ƙirgen kaya. Katangar jagora, wato shingen da katako ke bi yana wuce wuƙa, da murfinta, zobban ramin teburi, zobban cike sanda, notin sama da sifanarsa. Mutane suna raina wannan, alhali katangar jagora ta asali in babu ita samunta ya fi gyaran moto wuya, kuma wadda aka haɗa da ƙarfen kwana ba ta bayar da gyaran rabin milimita da ake bukata tsakanin ɓarin shiga da ɓarin fita.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce ke kayar da mutane a unguwanni. Moto mai kilowat 4 a kan bolt 415 yana jan kusan amfiya 8 yana aiki, amma lokacin tashi yakan ja ninki shida ko bakwai na haka. In shagonka na da layi uku, kamar yadda ake samu a Panteka ko Kakuri, sai ka sa sitata, wato makunnin moto, mai na'urar katse wuta in nauyi ya yi yawa, ka ƙara da na'urar da ke kashe inji in layi ɗaya ya ɗauke. Layi ɗaya ya faɗi moto yana cikin aiki, zai ci gaba da juyawa yana gurnani a kan biyu har koyil ya ƙone, sai an sake naɗa masa waya. In janareta za ka yi amfani da shi, ka lissafa ninki biyu da rabi zuwa uku na ƙarfin moton, wato moto mai kilowat 4 yana son janareta mai layi uku na kusan kVA 10 zuwa 12.

In layi ɗaya gare ka, akwai inbatar da ake kira VFD, mai karɓar bolt 230 layi ɗaya ta fitar da 230 layi uku. Amma ka karanta farantin moton tukuna. In an rubuta 230/400 ko 240/415, mai gyaran wuta zai sauya haɗin zuwa delta ya yi aiki. In 400/690 aka rubuta, kamar yadda ake yawan gani daga kilowat 4 zuwa sama, wannan inbatar ba za ta ba shi cikakken ƙarfi ba. Moto mai gudu biyu ma ciwon kai ne. Wasu sukan cire moton su sa mai layi ɗaya na kilowat 2.2. Injin zai yi aiki, sai dai ka sayi nauyin ka zubar da ƙarfin, kuma dole fulin sabon moton ya yi daidai da na tsohon, in ba haka ba lambobin gudu da ke jikin injin sun zama ƙarya. Haka injin da ya fito daga Amurka: an yi shi don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 50 ce, gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida.

Duk lokacin da aka taɓa wayoyin, a duba juyi kafin a ɗora wuƙa. In ka leƙa daga sama, sandar ta juya saɓanin hannun agogo, katako kuma ya shiga daga dama zuwa hagu. In ta juya baya, a musanya layi biyu. Juyin baya yana iya kwance notin sama.

Akwatin wuƙaƙen da za a ba ka kyauta, nan ne ya kamata ka fi tsayawa. In ka ga kai mai kusurwa huɗu da ake ɗaure wuƙa a jikinsa da noti ta cikin tsaga, ko zobba biyu masu tsaga da ke matse wuƙa a tsakaninsu, ko sanda mai tsaga da ake zura wuƙa ɗaya a ciki, duk ka kai su wurin 'yan gwangwan. Matsi ne kawai ke riƙe wuƙar. Wuƙa mai giram 100 da ke nisan milimita 60 daga tsakiya, a juyi 6,000, ƙarfin da ke fizgar ta waje ya kai na kilo 240, kuma in ta kuɓuce tana fita da gudun kusan kilomita 140 a awa, daidai tsayin cikin mai aiki. Ƙari a kan haka, irin waɗannan kawunan suna barin wuƙa ta fito da yawa, sai ta cafki katako ta wurgo shi baya ta ja hannu ciki. A Birtaniya tun Disamban 2003 doka ta wajabta kai mai iyakance cizo a injinan da ake tura wa katako da hannu, shi ya sa tsofaffin kawunan suke biyo injinan zuwa nan a banza.

Wanda za ka saya shi ne kai mai zagaye, wanda wuƙarsa ke da ramuka biyu da ke zama a kan fil, ga kuma wani ƙarfe mara kaifi mai siffar wuƙar a gabanta, wanda ba ya barin ta ciji fiye da milimita 1.1 a juyi. Ka duba rubutun jikinsa: MAN na turin hannu ne, MEC na injin da ke jan katako da kansa ne, kada ka sa shi a naka. Wuƙaƙen suna zuwa biyu-biyu, tsayin milimita 40 ko 50. In za ka sa a wasa maka zane na musamman, a auna su a sikelin masu zinariya su zo daidai, don bambancin giram ɗaya a wancan gudun yana zama bugun kilo biyu da ɗoriya da ke dukan boris sau ɗari a daƙiƙa. Ƙarfen HSS, wato ƙarfen wuƙa na yau da kullum, ya wadatar ga maɗaci da afara da malaina. MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, da iroko kuwa sai mai bakin kabayid, wanda ya fi HSS tauri, don gam ɗin MDF da duwatsun da ke ɓuya cikin iroko suna dakushe HSS nan da nan.

Ga tarkon inci ɗaya da kwata: milimita 31.75 ke nan. Kai mai rami 31.75 zai hau sandar 30 in an sa masa bushin mai baki, wato zoben da ke cike giɓin, amma kai mai rami 30 ba zai shiga sandar 31.75 ba. To ko dai ka yi odar kai mai ramin inci ɗaya da kwata, ana yin su har yanzu, ko a samo maka saman sanda na 30. Rage sandar a injin tona yana yiwuwa, amma sai ƙwararre da zai kafa ta tsakanin tsini biyu, sannan a sake zobban cikewa duka. Faɗaɗa ramin kai da fayil ko dirila, wannan kada ma ya zo maka a rai.

Gudu kuma da girman kai ake zaɓarsa. Bakin wuƙa yana son mita 40 zuwa 70 a daƙiƙa. Kai mai faɗin milimita 100 yana son juyi 8,000, mai 150 ya isa a 6,000, mai 200 a sauke shi zuwa 4,500. Ƙasa da haka katako yana tsalle baya, sama da lambar da aka buga a jikin kan kuwa haɗari ne. Wasu tsofaffin injinan 6,000 ne ƙarshensu, saboda haka kada ka saya musu ƙaramin kai. Kuma bakin rauta ba ya aiki da kyau a sifindul ko an samu abin riƙe shi, don shi juyi 18,000 zuwa sama yake so. Kada ka sayar da rautarka, ƙananan gefuna da aikin lanƙwasa nata ne.

A wurin aiki tsoho da sabo hukuncinsu ɗaya. Ka ɗaura allon katako a fuskar katangar jagora ka bar wuƙa ta huda shi, yadda iya abin da zai yanka ne kawai a waje. Wuƙa ta yi aiki daga ƙarƙashin katako duk inda zane ya yarda, da abin danna katako daga sama da daga gefe, da sandar turi a ƙarshe. Guntun da bai kai santimita 30 ba a ɗaure shi a kan allon ɗauka. Tsagin da ke farawa a tsakiyar katako, ba a yin sa sai da tokare mai ƙarfi a baya, nan ne yatsu suka fi tafiya. Babbar riga, hannun kaftani a sake, safar hannu, carbi a wuya, babu su a gaban injin. Tsohon inji mara birki yakan daɗe yana juyi shiru bayan an kashe shi, ka hana yaran shago kai hannu share dusa har sai ya tsaya cik. Ƙurar mansoniya da ta iroko suna taɓa ƙirji da fata, a sa takunkumi. In kuɗi ya samu daga baya, injin turi mai taya uku, wanda ake ɗaurawa a teburi ya riƙa tura katako da kansa, shi ne abu na farko da za ka ƙara, kuma tsohon teburi ne ke iya ɗaukar nauyinsa ba tare da ya karkata ba.

Katakon da ya zo daga Kudu da ɗanyensa, kada ka fitar masa da tsagi da harshe nan take. Ka jera shi da 'yan sanduna a tsakani ya bushe, in ba haka ba hunturu na shigowa haɗin ƙofa zai buɗe, mai gida ya ɗora wa injin laifi.

In shagon naka na Rigasa layi ɗaya ne, farantin moton kuma ya nuna 400/690, ba ka da niyyar babban janareta, to ka bar Wadkin ɗin, ka ɗauki ƙaramin ka ɗaure ƙafafunsa a siminti, ka riƙa yanka a turi biyu. In wutar ta samu kuma agogon awo ya wanke sandar, ɗauki tsohon. Ranar ɗauko shi a sauke sandar ƙasa, a cire katangar jagora, a zagaya igiyar ɗagawa ta ƙarƙashin jikin injin, ba ta gefen teburi ko sitiyari ba, kuma a ɗaure shi tsaye a cikin a-kori-kura, don nauyinsa a sama yake.