Kilinik ɗin da ke duba Baba bayan gashin furostat

Masu tambayata a inbos ina muke kai Baba tun da ya dawo daga Yamai, wata kilinik ce ta kuɗi nan Maradi wajen unguwar Zariya, kuma wallahi na gamsu da su.

Shi gashin, radiyoterafi, wato haska ciwon kansa (daji) da na'ura don kashe mugun nama, wanda aka yi wa Baba a furostat, a Yamai ake yinshi, tun 2021 aka fara a ƙasarmu, amma ai ba kullum mutum zai kama hanyar sama da kilomita 600 don fitsari na mishi zafi ba. Baba ya dawo yana tashi dare babu iyaka, ga gudawa ga kasala, hankalinmu ya tashi mun ɗauka ciwon ne ya dawo.

Likitan ya jawo takardar ordonans ya juya bayanta ya zana muna, ga mafitsara sama, ga furostat ƙarƙashinta ta zagaye hanyar fitsari, ga dubura manne a baya. Ya ce Alhaji hasken nan ba ya tsince mugun nama shi kaɗai, duka furostat ɗin ake haskawa har da lafiyayyen, maƙwabtan ma suna samun rabonsu, shi ya sa ake raba shi kaɗan kaɗan kwana 5 a sati don lafiyayyen nama ya samu ya gyara kanshi kafin gobe, mugun naman kuwa bai iya gyaran sosai. Zafin fitsari da gudawar galibi suna lafawa cikin 'yan satuttuka, ita furostat ɗin a hankali take motsewa ta yi tabo.

Abin da ya fi kwantar mani da rai batun PSA ne, wani sinadari da furostat ke fiddawa da ake aunawa a jini don bin sawun ciwon, na ga bai kai sifiri ba na rikice, ashe tunda ba cire furostat ɗin aka yi ba sauran naman yana ci gaba da fidda shi, saukar tana iya ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu. Ya kuma ce jikoki su hau cinyarshi ba komai, hasken da ake yi daga waje bai zama a jiki.

Da aka zo maganar iyali cewa ya yi ɗan Alhaji ɗan ba mu wuri, wannan ladabin ya burge ni ƙwarai. Daga baya na tambaye shi ni kaɗai ya ce maniyyi na raguwa, ƙarfin namiji ma kan iya ja baya sannu sannu, kuma akwai taimako in an faɗa.

Inda suka gaza, bayi ɗaya tak ga dattawa masu matsalar fitsari, buta ɗaya, na ga wani tsoho jingine da bango yana matse ƙafa har na ji ƙwalla. Don Allah su gyara. Ganin likita jika 5 ne ban da awon jini, ku je da sassafe da duk takardun Yamai, in kuma kun ga jini a bayan gida ko fitsari ya tsaya cak kar ku jira ranar randebu.