Hattara da masu tallan "agogon ceton tsofaffi" a Facebook da WhatsApp

Jama'a, duk mai tsofaffin iyaye a gida, musamman wanda neman abinci ya kai shi Abuja ko Legas ko ƙasar waje, ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai masu tallan wata na'ura, wani lokaci agogon hannu, wani lokaci abin ratayawa a wuya mai jan maɓalli guda ɗaya. Suna cewa da zarar tsoho ya faɗi ko ciwo ya taso masa, dannawa kawai zai yi, "cibiyarmu" ta amsa nan take, ta turo motar asibiti da likita har ƙofar gida. Irin wannan na'ura ana yin ta da gaske, kuma tana da amfani. Damfarar tana cikin alƙawarin da ake haɗa ta da shi.

Abin da ya sa suke cin kasuwa shi ne tsoron da suke taɓawa na gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne abin ya fi shafa. Mu ma mun sani ba sai an faɗa mana ba. Santsin tayil a banɗaki, fita alwalar asuba cikin duhu babu wuta, jirin da kan biyo bayan maganin hawan jini idan mutum ya miƙe da sauri. Tsoho ya karye a ƙugu ya kwana a ƙasa ba wanda ya ji shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai tallan ya san ɗan da ke nesa yana kwana da wannan tunanin, don haka ba ya wahala wajen shawo kansa.

Wata 'yar uwarmu da ke aure a Kaduna ta saya wa mahaifiyarta irin wannan agogon. Ta biya kuɗin kaya, ta biya na aike, sannan aka ce sai ta biya "rajistar cibiya" ta wata shida gaba ɗaya. Duk a asusun wani mutum aka tura, ba na kamfani ba. Na riƙe agogon da hannuna. Kwalin babu sunan kamfani, babu adireshi, takardar bayanin da ke ciki ƙananan rubutu ne da Turanci da Sinanci. A gefe akwai ɗan ramin sa layin waya, kuma babu layi a ciki. Muka sa layi, muka danna maɓallin a gaban Hajiya, ya yi ƙara, shi ke nan. Da aka kira mai sayarwa sai ya ce sabis ne, a jira zuwa gobe. Washegari lambarsa ba ta shiga, shafin ma ya sauya suna. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, Hajiya ta yi makonni tana kwana da shi a hannu, ta sallami jikar da ke kwana a ɗakinta, tana cewa ai yanzu tana da masu zuwa.

Ku fahimci yadda abin yake aiki, domin nan ake rufe wa mutane ido. Na'urorin nan iri biyu ne. Akwai wadda ke kiran wata cibiya da ma'aikata ke zaune dare da rana, irin wadda aka saba da ita a Amurka da Ingila, ana biyan kuɗi duk wata. Wannan a ɗaure take da kamfanin da ya yi ta, idan aka kawo ta nan a kwantenar kayan gwanjo, babu wanda zai amsa ta. Wasu ma ko a can sun daina aiki tun 2022, lokacin da manyan kamfanonin waya na Amurka suka rufe sabis ɗin 3G. Ta biyun kuwa ƙaramar waya ce kawai a siffar agogo. Kai za ka sa mata layi, ka shigar da lambobi biyu ko uku, idan an danna ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan abin da ake tallatawa a nan wannan ta biyun ce, amma ana karɓar kuɗin ta farkon. Duk wanda ya ce yana da cibiya, ya faɗi garin da take, unguwar da take, da asibitin da suka yi yarjejeniya da shi, sannan a je a gani. Lambar 112 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ware don kiran gaggawa kyauta ce, ba a yi mata rajista, ba a biyan kowa kafin a kira ta. Wanda ya nemi kuɗin "haɗa ku da 112" ɓarawo ne.

Sai kashi na biyu na damfarar, wanda ya fi muni, domin tsohon da kansa ake farauta. A kira shi cikin ladabi: "Baba, ɗanku ne ya saya muku na'urar lafiya, an riga an biya, kyauta ce. Za mu turo wata lamba a wayarku, ku karanto mana don a kawo." Lambar nan ta banki ce. Wani lokaci kuma BVN ko NIN ko lambobin katin ATM za a nema. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Salon ma ba sabo ba ne. A 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, tare da ofishin babban lauyan jihar Florida, sun kai ƙarar wasu da ke kiran tsofaffi da muryar da aka naɗa, suna cewa wani ɗan uwa ko aboki ya riga ya saya musu na'urar, har suna ƙaryar cewa manyan ƙungiyoyin lafiya sun amince da ita. Da tsoho ya ba da lambar katinsa sai a fara zarar kusan dala 35 duk wata. Ku zaunar da iyayenku ku gaya musu ƙarara cewa ba za ku taɓa aiko baƙo ya tambaye su lamba a waya ba, kuma duk wanda ya kira da sunanku, su kashe su kira ku.

Ko agogon da ke aiki ma, kada a sake masa jiki. Maganar cewa yana gane faɗuwa da kansa, eh wasu suna yi, amma babu kamfanin kirki da ke cewa yana kama kowace faɗuwa. Wanda ya zame a hankali daga bakin gado zuwa ƙasa, sau da yawa na'urar ba ta ankara. Ga caji a garin da wuta ke kwana ba ta zo ba. Ga layin da kuɗi zai ƙare a ciki ba wanda ya lura, ko kamfani ya rufe shi saboda an daɗe ba a yi amfani da shi ba. Ga ruwa: idan sai an cire shi kafin wanka ko alwala, to an cire shi a ɗaya daga cikin wuraren da aka fi faɗuwa. Masu araha kuma sukan dogara da wata manhaja da ke nuna inda mutum yake. A 2020 masu binciken tsaron intanet a Ingila sun gano cewa manhajar SETracker, wadda agogunan tsofaffi da na yara da yawa ke amfani da ita, tana da kafar da baƙo zai iya tura wa mai agogon saƙon "lokacin shan magani ya yi". Ku yi tunanin mai ciwon mantuwa da saƙon ke ta shigo masa. An toshe kafar bayan an sanar da kamfanin, amma hakan ya nuna irin kulawar da ake ba kayan.

In har za ku saya, ku saya a shagon da kuka san ƙofarsa, ku karɓi rasit, kada ku biya kafin kaya su iso. A gwada shi a gidan da tsohon yake, a cikin ɗakinsa da cikin banɗaki inda sabis ke rauni, kuma shi da kansa ya danna, a ga ko yatsansa na iyawa, ko yana jin muryar mai amsawa. Lambar farko da za a shigar ta zama ta wanda zai iso da ƙafa cikin mintuna kaɗan, maƙwabci ko ƙani ko mai Keke Napep na layinku da aka yarda da shi, wanda ya san inda makulli yake kuma ba ya kashe waya da dare. Lambar ɗan da ke Abuja ta zo ta biyu. Ga tsohon da ke iya riƙe waya, ƙaramar waya mai manyan maɓallai da aka saita lamba ɗaya a kiran gaggawa takan yi wannan aikin, kuma cajinta na kwanaki.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi ko aka karɓi lambar iyayensa, ya garzaya banki a ranar a toshe katin, a shigar da koke a rubuce. Ya ajiye hoton tallan, lambar asusun da hirar WhatsApp kafin a goge su, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC, ya kuma sanar da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Kada kunya ta sa a yi shiru, domin shafin da ya cuci 'yar uwarmu yana nan yana talla da sabon suna.