Asibitin idon da ya gano abin da ke cin gashin idon Innarmu

Jama'a bari in ba ku labarin wani ƙaramin asibitin ido mai zaman kanshi da na kai Innarmu nan cikin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Ba zan faɗi suna ba don akwai inda zan yaba akwai kuma inda raina ya ɓaci.

Kusan shekara guda Inna na fama da ƙaiƙayin ido, ba cikin idon ba, bakin fatar daidai inda gashin ya tsiro, kuma ya fi tsanani da asuba, ta tashi sallah ido ya manne da kwantsa ya yi ja, ga hazbiya wannan na warkewa wata na fitowa, har gashin idon ya fara zubewa. Da farko muka ce apolo ne, daga baya muka ɗora ma ƙurar hunturu, to damina ta zo ta wuce abu na nan. Maganin ɗigawa kuwa kala huɗu muka saya a kyamis, akwai wani da in ta ɗiga sai jan ya washe kwana biyu, shi ta riƙe kamar mi.

Ranar da muka je mun isa ƙarfe takwas aka yanka mana kati, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Wallahi wannan ya yi mani ciwo, tsohuwa mai ciwon ƙafa kan benci awa biyar kuma babu wanda ya leƙo ya ce ku yi haƙuri ga abin da ake ciki. Su gyara wannan don Allah.

Amma da muka shiga sai na huce. Likitan bai tashi rubuta magani ba sai da ya sa ta ɗora haɓa kan na'urar nan mai fitila, ya ce Mama dubi ƙasa, ya daɗe yana kallo sannan ya kira ni in gani. Gindin kusan kowane gashi akwai wani abu fari-fari kamar amosani ya zagaye shi kamar zobe. Ya ce wannan shi ne alamar wasu mitsi-mitsin ƙwari da ake kira Demodex, dangin kaska ne da gizo-gizo, ƙafarsu takwas, babban cikinsu bai kai rabin milimita ba shi ya sa ido ba ya ganinsu. Iri biyu ne a jikin mutum, ɗaya na zama cikin ramin gashi, ƙaramin kuma ya shige can inda maiƙon fata ke fitowa, maiƙon da matacciyar fata su ne abincinsu, da dare suke fitowa yawo.

Inna ta ce, likita, ni da alwala biyar kullum mi zai kawo mani ƙwari ga ido? Har muryarta na rawa, na san ta ɗauka ƙazanta ake nufi. Yadda ya amsa mata shi ya sa na zauna nake wannan rubutun. Ya ce Mama ba ƙazanta ba ce, yawancin manyan mutane suna da su a fuska, ni kaina ba mamaki ina da su, suna ƙaruwa ne da shekaru, sai sun yi yawa suke kumbura bakin fatar ido su toshe hanyar maiƙon da ke hana hawaye bushewa, daga nan hazbiya da jin kamar an zuba yashi. Ya ce tun wajen 1842 aka san da su, ba sabon ciwo ba ne.

Sai ya karɓi ledar magungunanmu, ya ware wanda ta fi so ɗin nan ya ce sitiroyid ne a ciki, wato wani sinadari mai kwantar da kumburi, yana ɓoye jan ne kawai, kuma daɗewa ana ɗiga shi ba likita na iya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Nan take ya auna mata, Alhamdulillah lafiya lau. Ya ƙara da cewa mayukan bilicin masu sitiroyid ma suna ba ƙwarin nan damar yawaita a fuska, ƙuraje su feso a yi ta ce masu fimful. Nan gabana ya faɗi don ina da ƙawaye masu shafawa.

Abin da ya ba mu: tishu mai laima na goge fatar ido da aka yi da man wata bishiyar Ostareliya, ti-tiri, safe da dare, da gasa idon da tsumma mai ɗumi kafin a goge, sati shida ba fashi saboda ƙwaron na yin kamar sati biyu daga ƙwai zuwa mutuwa, in aka tsaya da wuri sababbi su ƙyanƙyashe. Ya ja kunnena sosai kada in sayi tsantsar man a kasuwa in shafa mata, yana ƙona ido. Ya ce akwai na ɗigawa mai suna Xdemvy da aka amince da shi a Amurka a 2023 amma su ba su da shi. Tandun kwallinta da tsinken sawa da jikoki ke ara duk ya ce a zubar, rigar filo a riƙa wankewa da ruwan zafi.

Tishun yana da tsada gaskiya, kwali ɗaya ya kai cefanen kwana uku, da muka koma neman na biyu ma ya ƙare sai da muka jira kwana takwas, bayanin jiki kuma duk Turanci ne. Satin farko ta ce yana mata raɗaɗi kuma ba ta ga canji ba, saura kaɗan ta daina. A sati na uku kwantsar asuba ta ragu sosai, yanzu wata biyu kenan ba hazbiya, gashin ya fara fitowa guntu-guntu. Ranar Litinin za mu koma ya sake dubawa, ita kuma Inna tambayar da ta ce in tuna mata ɗaya ce, yaushe za ta koma sa kwalli.