Daren da Kawu ya kwana a zaune a Mancesta

Har yau in na tuna daren nan sai kunya ta lulluɓe ni. Kawu ne ya taso daga Kano a watan Disamba don bikin kammala karatun 'yarsa, ya ce ba zai kama otal ba alhali ɗan ƙanwarsa na garin. Gidana kuwa ciki da falo ne, falon ma bai kai soron gidanmu na Yakasai ba. Na yi na yi ya hau gadonmu, ya ƙi. "Haba ɗan nan, gadon iyalinka? Ko tabarma ce shimfiɗa min."

Ina na ga tabarma a nan? Da hantsi na sayi katifar iska ta intanet, kafin isha'i an kawo ta har ƙofa a ɗan kwali. Famfonta a jikinta yake, kana jonawa a wuta sai ta kumbura ta kusa kai gwiwa. Kawu ya danna ta da tafin hannu yana ta mamaki, ni kuma raina fari ƙal.

Wajen ƙarfe uku na dare na ji tari. Ina fitowa na tarar da shi zaune, ya jingina da bango, ya ƙudundune cikin babbar rigarsa yana jan carbi. Katifar ta sace, ta kwanta kamar buhun da aka zazzage. Dattijo mai ciwon gwiwa, a tsakiyar sanyin Ingila, kuma bai tashe ni ba don kada ya dame ni. Daga baya na gane ko lafiyarta ƙalau, iskar da ke cikinta sanyin ƙasa take ɗauka, dole sai an sa bargo ƙasa da sama.

Da safe na mayar da ita kantin kamfanin da na saya a wajensu. Yarinyar ta duba rasit, ta ba ni haƙuri, aka mayar min da kuɗina ba ko musu. Dokarsu ce ta 2015: kaya in ya zo da aibi, kana da kwana 30 ka karɓi kuɗinka cif. Mu kuwa fa? Mai katifa zai rantse maka da Allah cewa ta kamfani ce, wata uku ta yi rami a tsakiya, ka koma ya nuna maka ƙasan rasit inda aka rubuta ba a dawo da kaya. Wannan cuta ce, mun kuma saba da ita har mun daina jin zafinta.

Amma a daren nan babu ƙofar da zan iya ƙwanƙwasawa. Shekara huɗu muna bango ɗaya da maƙwabcina, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Sai na tuna bikin Anti, da baƙi suka cika gida daga Haɗeja da Damagaram. Inna ta leƙa zaure ta kira mu, kafin a idar da sallah ga yara a layi ɗauke da katifun maƙwabta a ka. Maza a soro, mata a jere ɗakin Inna, wanda ya rasa matashi a naɗe masa zani. Ko mutum ɗaya bai kwana a zaune ba.

Sai dai mu ma a faɗa mana gaskiya. Katifar da ta fi mutuwa ita muke ajiye wa baƙo, tana sito shekara guda ba ta ga rana ba, ga ƙura ga kuɗin cizo. A kashe dukiya a lefe, a rasa zanin gado wankakke guda ɗaya!

Dare na biyu na cire kushin ɗin kujera na jera a ƙasa, na ninka bargo biyu a kai, na matsar da shi kusa da hita. Sai da na tashe shi sallar asuba. Da zai koma na ba shi saƙo: duk mai zuwa, a shiga Kurmi a sayo min tabarma biyu masu naɗuwa.